Hutu ba ragonci ba ne

Jama'a masu karatu, manoma maza da mata, ku dubi gawon da ke tsaye cikin gonakinmu. Idan damana ta sauka, sauran itatuwa suna fitar da sabon ganye, shi kuwa sai ya zubar da nasa, ya huta. Ganyen ya zama taki, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Da rani, sa'ad da daji ya bushe, sai ya yi kore shar, ya ba mu inuwa, ya ba dabbobi ƴaƴansa. Ba mu taɓa jin wanda ya kira gawo rago ba.

Mun kawo wannan misali ne saboda wani abu da ke damunmu. Bayan kaka ana buɗe ajin yaƙi da jahilci a garuruwanmu. Makon farko rumfa cike take. Kafin wata biyu tabarmi sun fara zama wayam, kuma sau da yawa mata ne ke fara janyewa. Idan aka tambaye su, amsar ɗaya ce: babu lokaci, jiki ya gaji.

Gaskiya suka faɗa. Mace tana tashi tun da asuba. Ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta je rijiya, ta nemo itace, ta tuƙa tuwo, ga goyo a baya. Da damana kuma ga noman gandu, ga gamanarta. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Maza ma da nasu: da an cika rumbu, wasu su faɗa aikin lambu, wasu su tafi cin rani.

Ra'ayinmu shi ne: hutu da karatu suna cikin aikin gida, kamar shuka da girbi. Dole a ware musu lokaci.

Mu fara da lafiya. Masana lafiya sun ce baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a kowane dare. A watannin Afrilu da Mayu, zafi yana wuce awo 40 a Tawa, Damagaram da Yamai. Wanda ya dage da aiki cikin tsakar rana ba ya shan ruwa, zai ji ciwon kai da jiri, fitsarinsa ya ragu ya yi duhu. Wannan alama ce jiki na neman ruwa da inuwa. Mai ciki kuwa, idan tana aiki mai nauyi babu hutu babu isasshen abinci, tana iya haihuwar jariri marar nauyi. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke ba mai jego hutun kwana arba'in.

Sai karatu. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maradi suka fara barin tohon itatuwa a gona suna yi masa aski, maimakon su sare shi. Wannan dabara ta bazu har Damagaram, ta farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5. Akwai kuma dabarar zuba takin zamani kaɗan, kamar cikin marfin kwalbar lemo ɗaya, a kowane ramin shuka. Akwai buhu mai ruɓi uku da ke tsare wake daga ƙwari ba tare da magani ba. Duk wanda ya ci amfanin waɗannan, sai da ya ajiye hauya ya zauna ya saurara. Wanda ya iya karatu kuma yana duba takardar asibiti da kansa, yana rubuta bashinsa, ba a cutarsa a wurin awo.

Wani zai ce aikin gona ba ya jira. Haka ne. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ko lokacin noman farko, ba mai zama. Amma shekara wata 12 ce, ba duka ba ne ake wannan gaggawa. Abin da ke cinye lokacin mace da rani, yawancinsa ana iya raba shi.

Ga shawararmu.

Na ɗaya, da bazara a yi aiki mai nauyi da safe da marece, a huta a inuwa da tsakar rana, a sha ruwa sosai.

Na biyu, maigida mai amalanke ya ɗebo ruwa da itace, samari su taimaka. Wannan ba ya rage girman kowa.

Na uku, inda akwai injin niƙa, a ba uwargida kuɗin niƙa ranar karatu.

Na huɗu, malamin aji ya zauna da mata su zaɓi lokacin da ya dace da su, kada ya zaɓa musu.

Magidanta, maganar tana hannunku. Matar da ta huta ta yi karatu, gidan duka ne ya ci riba. Matar da gajiya ta kayar, wa zai riƙe gidan? Lafiya uwar jiki ce. Allah ya ba mu ita, ya ba mu damana mai albarka.