Kwalbar da Ba Ta Warin Giya

'Yan'uwa iyaye, mu da muka tashi a cikin ikilisiya an hore mu ƙwarai a kan giya. Mun san warin burkutu tun daga nesa, mun kuma ga yadda take cin hanta har ciki ya kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa. Da dokar Jihar Kano ta hana sayar da barasa a 2004, sai muka saki jiki.

To, abin da ke kayar da yaranmu yanzu ba ya wari. Ku je bakin kogin Wudil wurin masu ɗibar yashi, ko kara ranar Juma'a lokacin lodin shanu. Aikin ƙarfi ne, saboda haka wani saurayin yakan haɗiyi Tramadol wai don kada ya gaji. Ƙwayar kuwa ɓoye ciwo kawai take yi, gajiyar tana nan. Wanda ya fara da ɗaya gobe sai biyu, har ta kai shi ga faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya.

'Yan mata da matan aure kuma maganin tari mai kodin ne ya fi kama su, a juye a kwalbar lemo, a sha a ɗaka. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi, bayan da BBC ta tona asirin cinikin. Binciken da aka fitar a 2019 ya ce 'yan Nijeriya wajen miliyan 14.3 ne suka sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Kada mu ce duk 'ya'yan maƙwabta ne. Da namu a ciki, har da 'yan ƙungiyar mawaƙa.

Haɗarin da ya fi duka shi ne haɗa waɗannan da giya. Kowannensu yana rage numfashi, in suka gamu sai ya tsaya. Idan yaro ya shigo yana tangaɗi, ya kwanta yana munshari mai nauyi, an girgiza shi bai farka ba, kada a ce a bar shi ya huce, kada kuma a ɗura masa madara ko manja. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan da nan. Kunyar abin da 'yan'uwa za su faɗa ranar Lahadi ta sa iyaye da yawa jinkiri. Mu gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha, mu tafi masa da kwalbar.