Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Sanin kowa ne cewa a yau albashin ma'aikata, da ajiyar banki, da sakamakon jarrabawa, duk manhajar kwamfuta ce ke lissafa su. Ita kuwa manhaja jerin umarni ce da mutum ya zauna ya rubuta layi bayan layi. Abin da shugabannin ma'aikatu da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan rubutu ba na'ura kaɗai ke karanta shi ba. Wanda zai gaji aikin bayan shekara biyar shi ma sai ya karanta, in kuwa ya kasa ganewa, to, gyaran da zai yi lalube ne cikin duhu.

Saboda haka ne masana suka ware wani aiki na musamman, watau gyaran zubi: a sake tsara rubutun ba tare da an canza abin da manhajar ke yi ba. A ba kowane abu sunan da ke bayyana aikinsa, a raba dogon sashe gida-gida, a haɗe abin da aka maimaita, a share abin da aka daina amfani da shi. Martin Fowler ya fitar da littafi sukutum a kan wannan a 1999. Kafin shi, a 1992, Ward Cunningham ya kamanta rubutun gaggawa da cin bashi, wanda ruwansa ke hauhawa muddin ba a biya ba.

Akwai masu ganin wannan aiki ɓata lokaci ne, tun da mai amfani da manhajar ba zai ga wani sabon abu ba. To, su dubi abin da ya sami kamfanin Knight Capital na Amurka, mai hada-hadar hannun jari. Akwai wani tsohon sashe a manhajarsa da aka daina amfani da shi tun 2003, amma ba a share shi ba. A 2012 aka ɗora sabon rubutu a kan manyan na'urori bakwai, aka manta da ta takwas, kuma babu ma'aikaci na biyu da ya duba aikin. Ran 1 ga Agusta, da aka buɗe kasuwa, sai umarnin da aka nufa ga sabon sashe ya tashi tsohon. Cikin minti 45 kamfanin ya yi hasarar wajen dala miliyan 440. Daga baya hukumar kula da kasuwar ta ci shi tarar dala miliyan 12.

Shara kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da dubawa, a nan kuwa na'ura tana da amfani ƙwarai. Tun 1978 Stephen Johnson na ɗakin binciken Bell ya ƙirƙiro Lint, manhajar da ke karanta rubutun wata manhaja ta nuna wuraren da ake shakka. Ire-irenta a yau suna da yawa, wasunsu kyauta ne. A watan Fabrairu na 2014 aka gano cewa layi ɗaya da aka maimaita sau biyu a manhajar Apple ya sa wayoyin iPhone suna tsallake wani mataki na tabbatar da amincin shafukan intanet. Maimaicin ya bar wasu layuka da na'ura ba za ta taɓa isa gare su ba, irin kuskuren da manhajar dubawa ke iya nunawa nan take, alhali idon mutum da ya gaji yakan wuce shi.

Amma fa kada a ɗauka na'ura za ta maye gurbin mutum. Tana iya ganin layin da ya mutu, ba ta san ko lissafin fansho ya bi doka ba. Haka kuma gyaran zubi da kansa yana da haɗari in ba a tanadi gwaje-gwajen da za su tabbatar manhajar tana ba da amsar da take bayarwa a da ba. Sai a bar wa na'ura ƙananan kurakurai, mutum ya sami sukunin duba ma'ana.

Don haka ya kamata duk ma'aikatar da za ta ba da kwangilar manhaja ta sa sharaɗi a rubuce: a miƙa mata ainihin rubutun tare da gwaje-gwajensa, kada a ɗora wani canji sai na'ura ta duba, mutum na biyu ya sa hannu, a kuma ware kuɗin gyara a kasafin kowace shekara. Ma'aikacin da ya taɓa neman fayil a rajistar da ba a tsara ba ya san kuɗin da hargitsi ke ci. Ɗalibai kuma su sani, gwanin rubuta manhaja shi ne wanda na bayansa zai karanta aikinsa ya gane ba tare da ya nemo shi ba.