Ƙure gudun kwamfuta: ribar ta ƙare, saura kasadar

A shekarar 1998, wanda ya sayi furosesar Celeron 300A ta kamfanin Intel yana iya samun abin da bai biya kuɗinsa ba. An ƙera ta don gudun megahaz 300, amma idan aka ɗaga gudun babban allon kwamfuta daga megahaz 66 zuwa 100, sai ta kai 450, kuma galibi ta ci gaba da aiki lafiya. Ƙarin kashi 50 cikin ɗari ke nan, kyauta. Irin wannan garaɓasa ce ta yaɗa al'adar ƙure gudun kwamfutar tebur, wato tilasta wa furosesa ta wuce iyakar da maƙeranta suka yanka mata. Yau garaɓasar ta ƙare, kuma duk wanda abincinsa ya dogara ga kwamfuta ya kamata ya bar wannan al'ada.

A da kamfanoni kan bar rata mai faɗi tsakanin gudun da suka rubuta da wanda furosesa za ta iya jurewa. Yanzu gasa ta sa su da kansu sun cinye ratar. Core i9-14900K, wadda ta fito a 2023, tana kai gigahaz 6 ba tare da an taɓa ta ba, tana kuma jan wuta har wat 253. Ɗan abin da ya rage sai an ƙara matsin lantarki ake samunsa, kuma nan tsadar take: ƙarin kashi 10 na matsin lantarki kan haifar da ƙarin zafi na kusan kashi 21, tun kafin a lissafa na gudun kansa.

Abin da ya faru a 2024 ya isa darasi. Masu furosesocin Intel na zubi na 13 da na 14 suka riƙa kokawa cewa wasanni da manhajoji suna rufewa ba gaira ba dalili. Saƙon da ke fitowa sau da yawa yana ɗora laifin ga ƙarancin ma'adanar katin hoto, mutane suka yi ta zargin abin da ba shi da laifi. A watan Yuli Intel ta amsa cewa umarnin da ke cikin furosesar ne ke neman lantarki fiye da kima. Ta fitar da gyara a Agusta, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Sai dai gyaran rigakafi ne kawai. Furosesar da ta riga ta lalace sai a musanya ta. An kuma gano cewa alluna da yawa suna fitowa daga masana'anta a sake, ba tare da iyakar wutar da Intel ta shata ba. Mutumin da bai taɓa shiga BIOS ba, ashe an riga an ƙure masa.

Masu sha'awar abin za su ce kuɗinsu ne, nishaɗinsu ne. Gaskiyarsu, mai zuba ruwan naitirojin don ya kafa tarihin gudu ya san abin da ya saka a caca. Amma injiniya mai zanen gini, ko akanta, ko mai tace bidiyo, lissafinsa daban ne. Kwamfutar da ta mutu ta sanar da mai ita. Wadda ta fi haɗari ita ce mai ci gaba da aiki tana yin kuskure jefi-jefi, ta ɓata fayil a asirce, ba a gane ba sai ranar miƙa aiki.

Ga mai aiki a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu kan wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta toshe fanka, kasadar ta ninka. Waɗannan furosesoci suna rage gudu da kansu idan sun kai digiri 100, saboda haka wanda ya ƙure tasa a ɗaki mai zafi yakan ƙare da gudun da bai kai na farko ba. Sauri ya haifi nawa.

Idan kwamfuta ta fara cijewa, hikima ita ce a fara da mai arha. A sabunta BIOS, a mayar da saituna kan iyakar da maƙerin furosesa ya shata. A kashe XMP, domin shi ma ƙure gudun RAM ne, sannan a gwada RAM ɗin da MemTest86. A duba zafi, a kakkaɓe ƙura, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta, a tabbatar akwatin wuta yana da ƙarfin ɗaukar kayan. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za a san mai laifin ba. Sayen sabon kaya shi ne matakin ƙarshe.

Wanda hannunsa ke ƙaiƙayin taɓa saituna, gara ya rage matsin lantarki kaɗan-kaɗan yana gwadawa. Sau da yawa gudun ba ya raguwa, zafi ya sauka, batirin inbata kuma ya ƙara daɗewa idan an ɗauke wuta.