Sharhi: Tuffar Ƙasashen Sanyi Ba Ta Lambunan Gombe Ba Ce

GOMBE — Tsadar tuffa a teburan masu kayan marmari na unguwar Dawaki da sauran sassan birnin Gombe ta isa ta sa mai lambu kwaɗayin dasa ta, ganin cewa akasarinta shigo da ita ake yi daga ƙasashen waje, musamman Afirka ta Kudu. Sai dai ya kamata manomi ya san halin irin da zai dasa tun bai zuba jarinsa ba.

Irin da ake yi wa kirari da juriya, kamar Antonovka ta ƙasar Rasha, jurewar sanyi gare shi, ba ta zafi ba. Bishiyar takan kaɗe ganye ta yi barci a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, 'ya'yanta su nuna a ƙarshen kaka, su daɗe a ajiye ba su lalace ba. Galibin tuffar ƙasashen sanyi na buƙatar sa'o'i 800 zuwa 1,000 na sanyin da bai haura digiri 7 ba kowace shekara, kafin ta yi fure sosai. Hunturun Gombe, duk tsananinsa, ba ya ba da wannan. Wanda ya dasa ta a nan zai shekara yana ban ruwa, ganye kawai zai samu.

Irin da ya dace da Nijeriya shi ne mai buƙatar sanyi kaɗan, kamar Anna da aka samar a Isra'ila, wadda sa'o'i 300 sun ishe ta, da Dorsett Golden da ake dasawa kusa da ita domin barbara. Su ma sun fi samun kansu a tuddan Jos da Mambila, masu tsayin mita 1,200 zuwa sama, ba a filayen Gombe masu zafi ba.

Saboda haka ya fi wa manoman jihar alheri su sa kuɗinsu a mangwaro ɗan aure da gwaba da lemo, musamman a yankin madatsar ruwan Dadin Kowa, tare da neman shawarar Kwalejin Tarayya ta Koyar da Aikin Lambu da ke garin. Su kuwa 'yan kasuwar Dawaki, ribarsu tana cikin ƙulla ciniki da masu lambunan Jos da Mambila, wanda zai rage kuɗin musayar da ƙasa ke kashewa wajen shigo da tuffa.