Man da ke kashe ƙaiƙayi ya bar cuta tana ci

Arzikin ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo a bakin ruwa yake. Fadamun kogin Rima da na gulbin Sakkwato, da madatsar ruwan Goronyo da aka gina cikin shekarun 1980, su ke ciyar da manoman shinkafa da albasa da tafarnuwa, waɗanda kan wuni ƙafafunsu cikin laka. Inda zafi da gumi da laima suka haɗu kuwa, nan ƙwayoyin cutar fata dangin fumfuna, waɗanda likitoci ke kira fungas, suke samun wurin zama. Su ke kawo makero da kyasfi da cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa. A 'yan shekarun nan kuma ta'asar 'yan bindiga ta koro mutanen ƙauyuka zuwa manyan garuruwa, ana cunkuso a ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, mayafi ɗaya, abin da ya ƙara wa waɗannan cututtuka saurin yaɗuwa.

Maganinsu sananne ne, ba shi da tsada. Man shafawa irin clotrimazole ko miconazole ko terbinafine yana warkar da makeron jiki idan an bi ƙa'ida. Abin da ya sa na ɗauko wannan batu a wannan mako shi ne, man da ya fi yawo a hannun jama'a wani ne daban, wanda ake yi wa kirari da mai aiki uku.

Mai karatu ya ɗauki kwalin irin wannan mai ya duba abin da aka rubuta a jikinsa. A cikin Funbact-A akwai clotrimazole da neomycin da betamethasone. A cikin Skineal akwai ketoconazole da neomycin da clobetasol. Na farko a kowane jeri shi ne maganin fungas, na biyu na ƙwayoyin bakteriya ne, na uku kuwa sinadarin sitiroyid ne mai ƙarfi, wanda aikinsa danne kumburi da ƙaiƙayi. Waɗannan magunguna suna da muhallinsu idan likita ya rubuta su don lalurar da ta dace, na ɗan taƙaitaccen lokaci. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka mai da su man kowace irin cuta, a shafa wa babba, a shafa wa jariri, wasu ma su zuba cikin man shafawarsu don neman hasken fata.

Ga yadda yaudarar take. Ja da ƙaiƙayin da ake gani a kan makero alama ce ta cewa garkuwar jiki tana faɗa da cutar. Sitiroyid yakan kwantar da wannan faɗa, cikin kwana biyu ko uku sai mutum ya ji daɗi, ya ɗauka ya warke. Alhali sojan da ke tsaron gari aka kwance wa ɗamara. Cutar sai ta bazu a ɓoye, zoben nan da ake gane ta da shi ya ɓace, har ma'aikacin lafiya ya kasa shaida ta. Da zarar an daina shafawa sai ta dawo da ƙarfi, a koma shagon magani a sayo wani. In abin ya daɗe, fata takan yi siriri, ta yi nankarwa, kuraje su feso. Jariri ya fi kowa shiga haɗari, domin fatarsa tana tsotse maganin ya shiga jini.

Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Bayan shekaru ana shafa irin waɗannan haɗe-haɗe ba bisa ƙa'ida ba, wani nau'in makero ya ɓulla can wanda sau da yawa ba ya jin terbinafine, kuma a 2023 hukumomin lafiya na Amurka sun ba da rahoton samunsa a birnin New York. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

To, mece ce ƙa'idar? Da farko a tabbatar da cutar, domin ba kowane ƙaiƙayi ne fungas ba. Ƙazuwa, wadda ke hana barci da dare kuma ta kama gida ɗungurungum, wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, maganinta daban ne. Farin tabon da ba ya ƙaiƙayi, wanda in an taɓa shi mutum ba ya ji, yana iya zama farkon kuturta, wadda ake warkarwa da magani kyauta in an je da wuri, kuma asibitin Amanawa ya daɗe da sanin wannan aiki. Idan an tabbatar makeron jiki ne, a wanke wurin, a tsane shi sosai, a shafa man da ba shi da gauraye sau biyu a rana, har a ɗan zarce gefen tabon. Clotrimazole yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, kuma ana so a ci gaba da shafawa kamar mako guda bayan tabon ya ɓace. Yawancin masu cewa magani bai yi ba, tun a makon farko suka ajiye shi.

Makeron kai, wanda ya addabi 'yan firamare da almajirai, hukuncinsa daban ne. Ƙwayar cutar tana cikin saiwar gashi, inda man shafawa ba ya kaiwa. Sai an sha magani irin griseofulvin na mako shida zuwa takwas, gwargwadon nauyin yaro, bisa umarnin ma'aikacin lafiya, kuma ba a ba mai juna biyu shi. Uban da ke ta sayen mai yana shafa wa kan ɗansa wata da watanni asarar kuɗi yake yi, yaron kuma yana raba cutar ga abokansa ta hula da mataji da askar wanzami. Wanda kuma cutar ke yawan dawo masa a matsematsi ko tsakanin yatsu, ya kamata a auna masa ciwon sukari.

Na san uzurin da za a kawo: likitan fata sai an je Sakkwato, hanya ba tsaro, mai shagon magani kuwa yana bakin kasuwa. Wannan gaskiya ne, shi ya sa gyaran ya kamata ya fara daga shagon. Hukumar NAFDAC da majalisar da ke kula da masu harhaɗa magunguna ta ƙasa su tsaurara sa ido kan sayar da man sitiroyid ba tare da takardar likita ba. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta horar da masu shagunan magani da ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su bambance makero da ƙazuwa da kuturta, ta kuma wadata asibitocin da maganin sha na makeron kai. Malaman tsangaya da shugabannin firamare su riƙa duba kawunan yara, wanzamai da masu aski su riƙa tsabtace kayan aiki tsakanin kai da kai.

A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837, kuma cikin rubuce-rubucen da ya bari har da na ilimin magani. Jama'ar da ta gaji irin wannan malami bai kamata a bar ta tana sayen magani da ka ba. Ɗaliban da ke karanta wannan shafi, in kun je gida hutu, ku karanta wa iyaye abin da ke rubuce a jikin kwalin kafin a shafa wa ƙannenku. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mako mai zuwa.