Ofis a aljihu: Ina littafin ɗan kasuwa?

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 2000 za su iya tuna lokacin da wata wayar salula mai faɗi, mai ɗauke da madannan haruffa gaba ɗaya irin na kwamfuta, ta shigo ƙasar nan. BlackBerry ta kamfanin Research In Motion na ƙasar Kanada ita ce kan gaba, sai irin su Nokia E71 wadda ta fito a 2008. A wancan lokaci akasarin masu riƙe ta ma'aikatan banki ne da jami'an gwamnati da manyan 'yan kasuwa. Abin da aka yi tallarta da shi shi ne mutum zai ɗauki ofishinsa a aljihu, ya karanta wasiƙar imel, ya rubuta amsa, ya duba lissafi ko da yana cikin mota a kan hanyar Yendi zuwa Tamale.

Yau wannan waya ta zama tarihi, amma ta bar darasi. Saƙonnin BlackBerry suna bi ne ta na'urorin kamfanin kansa, shi ya sa a watan Oktoba na 2011, da na'urorin suka sami matsala, masu wayar a Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka suka yi kwanaki ba saƙo. A 2016 kamfanin ya daina ƙera waya da kansa, sannan a ranar 4 ga Janairu, 2022 ya rufe hidimar da tsofaffin wayoyinsa suka dogara da ita. Wanda ya jibge harkarsa kacokan a cikinta ya ga yadda ofis yake komawa ƙarfe da roba dare ɗaya.

Abin lura shi ne, ofishin aljihun da a da sai manya, yanzu ya shiga hannun kowa. Tun da MTN ya fara hidimar aika kuɗi ta waya a 2009, aka kuma haɗa hidimomin kamfanoni daban-daban a 2018, ciniki a arewacin Ghana ya koma cikin waya. Mai doya a Salaga, da mai sayen kaɗanya da masara a Yendi, da mai albasa a Bawku da ke lodin kaya zuwa Kumasi ko kasuwar Adjen Kotoku da ke kusa da Accra, duk da waya suke yin ciniki, su biya direba, su karɓi kuɗi. Wannan ci gaba ne, kuma babu mai fatan a koma zamanin ɗaure kuɗi a ƙugu ana ratsa daji da dare.

Sai dai akwai abin da ya salwanta a hanya. Waya mai madannai an yi ta ne domin rubutu, ita kuwa ta yau mafi yawan 'yan kasuwarmu magana suke yi da ita. A kira a yi ciniki, ko a aika saƙon murya ta WhatsApp cewa buhu kaza ne a kan kuɗi kaza, za a cika saura bayan kasuwa biyu. Shi ke nan. Ranar da waya ta faɗa ruwa, ko aka sace ta a tasha, ko aka rufe layi kamar yadda aka yi wa waɗanda ba su haɗa layinsu da katin ɗan ƙasa ba a 2023, sai a nemi shaida a rasa. Idan kuma ta Allah ta kasance ga maigida, magada ba su san lambar sirri ba, ba su san wa yake bin sa ba, ba su san wa yake bi ba. Da yawa daga rigingimun da ake kaiwa gaban sarakunan zango da shugabannin kasuwa daga nan suke samo asali, kuma hakkin marayu ne yake tafiya.

Wannan ba tarbiyyar da muka gada ba ce. Lokacin da Salaga take babbar kasuwar goro, fatake suna tasowa tun daga Kano da Sakkwato, malamai ne suke rubuta wa madugai da masu masauki wasiƙu da takardun shaida. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga kafin yaƙin basasar 1892 ya sa ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, har littafi ya wallafa kan yadda ake tsara wasiƙa. Kuma sanin kowa ne cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Don haka wannan jarida tana kira ga 'yan kasuwarmu da su mai da rubutu wajibi. Duk cinikin da aka ƙulla da baki, a bi shi da rubutaccen saƙo mai ɗauke da rana da adadin kaya da kuɗi, ɗaya ɓangaren ya amsa. Wayoyin yau suna da madannai a jikin gilashi, har da masu haruffan Hausa da na Larabci ga mai ajami. Sannan kowace yamma a kwafe lissafi a littafin takarda da zai kwana a gida, wani amintacce ya san inda yake.

Ƙungiyoyin masu doya da albasa da dabbobi su ɗauki matasa masu ilmi a matsayin magatakarda a kasuwanni. Majalisun Salaga da Yendi da Bawku su sa koyar da lissafin kasuwanci ta waya cikin azuzuwan yaƙi da jahilci. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa kuma ta matsa wa kamfanonin waya su sauƙaƙa wa ɗan kasuwa karɓar cikakken bayanin kuɗin da ya shiga da wanda ya fita a layinsa, a kuma fayyace wa magada hanyar karɓar abin da mamaci ya bari.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kamfanin da ya yi tashe irin na BlackBerry ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa, balle wayar da ke aljihunka. Allah Ya sa mu gyara.