Dubarar wannan wata: marfin cibiyar tayar amalanke

  

Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi, asusu ya saya wa mata awaki, injin niƙa, da amalanke. A nan Birnin Lalle amalanke ita ce motarmu. Ita ke ɗauko dammunan hatsi da kara daga gona, ta kai taki, ta kawo ruwa, ta kai kaya kasuwar Dakoro. Ranar da naƙuda ta yi wa mace gardama cikin dare, ita ke kai ta likita. Yau muna son mu yi magana kan wani ɗan abu da bai kai tafin hannu ba, amma rashinsa na iya zaunar da amalanke wata guda: marfin cibiyar taya.

In kun duba tayar mota, za ku ga wani faifai a tsakiya mai ɗauke da tambarin kamfani, kamar zakin Peugeot. Wannan na ado ne. Ƙarƙashinsa akwai wani ɗan marfin ƙarfe, shi ne mai aikin. Galibin amalankenmu da tsofaffin ƙafafun mota aka haɗa su, don haka cikinsu iri ɗaya ne: sandar ƙarfe a tsaye, cibiya na juyawa a kanta, tsakaninsu ƙananan ƙarafa da makanikai ke kira boris, suna birgima cikin man giris. Marfin shi ke tsare giris daga fita, shi ke hana rairayi shiga.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da marfi ya faɗi, rairayin hanya da ƙurar hunturu sai su cakuɗe da giris su zama kamar dutsen wasa wuƙa, kullum suna cin ƙarfe. Ku lissafa: lita guda ta ruwa kilo guda ce. Bido 20 masu lita 25 kilo 500 ke nan, duk bisa ƙafa biyu. Da farko ƙara za a ji, sannan taya ta fara rawa, jaki ko sa na ja da ƙyar. Daga ƙarshe boris ya watse, wata sa'a har ya ci sandar. Kuɗɗin gyara daga akwati za su fito, kuɗɗin haya na kwanakin zaman kuma sun tafi. Ranar rabo kowace mace za ta ji a hannunta.

Ga yadda muke yin marfin a gida. Kayan aiki: gwangwanin tumatir ko na madara, tsohon tib na babur, zare, ɗan tsinke, almakashin yanka gwangwani, waya, da ragowar fenti.

Na ɗaya, a duba ciki. In rairayi ya riga ya shiga, a kai wa makanike ya kwance, ya wanke da kananzir, ya sa sabon giris, ya tabbata ƴar ƙusar da ke riƙe noti tana nan. Rufe datti ciki ba gyara ba ne.

Na biyu, awo. A zagaya bakin cibiya da zare, a ƙulla alama, a gwada zaren jikin gwangwanaye. A zaɓi wanda ya ɗara cibiyar kaɗan. Sannan a auna da tsinke iyakar inda notin ya fito waje, a ƙara faɗin yatsa biyu na kamun cibiya da yatsa guda na sarari. Ku kula da wannan sosai: cibiya na juyawa, noti ba ya juyawa. In gindin gwangwani na taɓa noti, kafin a kai gona ya huje.

Na uku, a yanke gwangwani daidai awon, a lanƙwasa bakin ciki, a daddake shi da dutse don kada ya yanki kowa. Wanga aiki na manya ne, yara su tsaya nesa.

Na huɗu, fenti. A shafa ciki da waje saboda tsatsar damina. A gindinsa a zana alamar ƙungiya, ko ƙwarya, ko tauraro, ko harafin farko na sunan ƙungiya. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci ga ranarku. A bari ya bushe. A zana alamar jikin ƙarfen taya ma, don in an ba da haya ba wanda zai musanya muku ƙafa mai kyau da gajiyayya.

Na biyar, sakawa. A yanko tib faɗin yatsa biyu, a naɗe bakin cibiya har gwangwani ya shiga da matsi. A ɗora katako a bubbuga a hankali. A yanko zoben tib mai faɗi, a ja shi bisa mahaɗa, rabi kan gwangwani rabi kan cibiya, a ɗaure da waya. A ɗaga ƙafar a juya ta da hannu. In ba a ji gogayya ba, an gama.

In bakin cibiyar gajere ne, gwangwani ba zai kama ba. Nan sai a je wa maƙeri. Masu zuba tukwanen alminiyum a Maradi suna danna samfuri cikin ƙasa mai danshi, su narkar da tsofaffin ƙarafan alminiyum, wanda ke narkewa a zafin digiri 660, su zuba cikin gurbin. Marfi ma haka za su yi shi, har da alamar ƙungiya in an sassaƙa ta jikin samfurin katako.

Gargaɗi guda: namu na gwangwani na amalanke ne da kurar ruwa. Kada a sa wa mota, kada a sayar wa mai mota. Cibiyar mota na yin zafi, tana gudu. Marfi ya fizge bisa hanyar Kornaka, wa ya san wanda zai samu?

Shawararmu ga kowace ƙungiya mai amalanke: a naɗa mace guda mai duba ƙafafu ranar zubi. Marfi na nan? Taya na rawa? Ta faɗa gaban kowa, sakatariya ta rubuta. Mai haya kuma a nuna masa marafen biyu kafin ya ɗaura jaki, a gaya masa: “Malam, da biyu ka tafi, da biyu za ka komo.” In ya ɓatar, tara kamar yadda doka ta ce.

Ƙungiyar da ta gwada, ta aiko muna da labarin gwangwanin da ya dace da tata cibiyar. Allah shi bar zumunci, shi ƙara wa asusu albarka.